TATTALIN GIDA: Kafin Maigida Ya Shigo Da Motar Alfarma

  

A wannan watan za mu taɓo wani batu da wata za ta iya cewa ba huruminmu ba ne, wato batun mota. To, 'yar'uwa, ki yi haƙuri ki karanta zuwa ƙarshe. Gaskiya ne mafi yawanci maigida ke sayen mota, shi ke tuƙa ta, shi kuma abokai ke yi wa barka. Amma ranar da ta fara cin kuɗi, wurin da ake fara jin zafin shi ne madafa. Kuɗin cefane zai ragu, nama zai koma sau ɗaya a mako, a fara cewa a ba makarantar yara haƙuri zuwa ƙarshen wata. Duk abin da zai taɓa tukunyarki kuwa ya zama huruminki.

Motar da nake nufi ita ce irin ƙananan motocin nan masu ƙofa huɗu, waɗanda a ido ba su da wani bambanci da sauran motocin gida, amma an ɗora masu injin tsere. Fitattu a cikinsu su ne Marsandi mai tambarin AMG, kamar C63 da E63, da kuma BMW ƙirar M3 da M5. Tsofaffinsu suna shigowa ƙasar nan a matsayin na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, wani lokaci a farashin da bai yi wa na Camry mai ɗan sauran ƙuruciya nisa ba. Daga nan ruɗin yake farawa. Sai maigida ya ce, tun da kuɗin kusan ɗaya ne, me zai hana ya ɗauki wadda za a dube shi a kanta?

Kakanninmu sun san amsar wannan tambaya tun kafin zuwan mota. A da, ba kowane mai kuɗin sayen doki ke ɗaure doki a gidansa ba, domin an san bayan saye akwai harawa, akwai dusa, akwai dawa, akwai kanwa, ga kuma yaron da zai kula da barga safe da yamma. Ingarma ko an hau shi ko ba a hau shi ba sai ya ci. Haka wannan mota take. Kuɗin saye sau ɗaya ake biyansa, na riƙo kuwa kullum ne.

Man fetur

Bari mu ɗauki guda ɗaya mu yi misali da ita, wato Marsandi C63 AMG ƙirar da ta fito a shekarar 2008. Injinta mai silinda 8 ne, girmansa lita 6.2, ƙarfinsa kuma ya kai na dawaki 451. Ita kuwa Toyota Corolla ta wancan zamani, wadda ta cika titunanmu, silinda 4 gare ta, lita 1.8, ƙarfin dawaki kimanin 132. Babban inji kuwa babban ciki ne. Bisa awon hukumar kula da muhalli ta Amurka, a cikin gari C63 tana shan lita 18 zuwa 20 a kowane kilomita 100, ita kuwa Corolla kimanin lita 9 take sha.

Yanzu ɗauko biro da takarda. Mu ƙaddara maigida yana yin kilomita 40 a rana: kai yara makaranta, wucewa ofis ko kasuwa, ɗauko yara, Islamiyya, da ɗan zuwa dubiya ko gaida iyaye. A wata ya zama kilomita 1,200. A kan lita 19, Marsandin za ta sha lita 228, Corolla kuwa lita 108. Bambanci lita 120 ke nan duk wata. Don sauƙin lissafi mu sa lita a kan naira 1,000, ke kuma sai ki gyara daidai da yadda ake sayarwa a garinku. Rarar ta zama naira 120,000 a wata, a shekara naira miliyan 1 da dubu 440. Ki tuna mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'ana, abin da wannan mota za ta ƙona fiye da 'yar'uwarta a wata guda ya fi albashin wani magidanci mai mata da 'ya'ya. Wannan ma ba mu sa cunkoson Kano ko na Mararraba ba, inda mota za ta yi rabin awa a tsaye inji na aiki, na'urar sanyi na kunne.

A da ana iya kawar da kai ga wannan lissafi, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba. Amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500 a Arewa, zuwa Oktoban 2024 kuma ta haura 1,000. Farashi yana hawa yana sauka, amma zamanin man araha ya wuce, kuma wanda ya sayi babban inji shi ne farkon wanda kowane ƙari zai doka.

Akwai kuma batun ingancin man. Waɗannan injina an ƙera su ne don fetur mai daraja, wanda a Turai ake rubuta lamba 95 ko 98 a jikin famfonsa. A nan iri ɗaya ake sayar wa kowa, daga mai babur har mai Marsandi. Idan man bai kai yadda injin ke so ba, kwamfutar motar tana rage masa ƙarfi don ta kare shi, ka ga an biya kuɗin ƙarfin da ba a mora ba. Idan kuwa aka yi rashin sa'a da gurɓataccen mai, irin wanda ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 mai yawan sinadarin metanol, wanda ya lalata motocin jama'a, to gyaran irin wannan inji ba ya kama da na sauran.

Baƙin mai da sabis

Kowace mota tana buƙatar juyen baƙin mai, amma cikin kowace da girmansa. Corolla lita 4 da 'yan kai take ɗauka. C63 tana ɗaukar sama da lita 8, wato galan biyu, kuma ba kowane baƙin mai ba, sai na musamman wanda kamfanin ya amince da shi, wanda daga waje ake shigo da shi. BMW M5 ƙirar 2005 zuwa 2010, mai silinda 10, ita ma tana da nata irin mai kauri, mai lamba 10W-60, wanda ba a kowane shago ake samunsa ba. Ga shi kuma jabun baƙin mai ya yi yawa a kasuwa, a cikin galan mai kyau da tambari mai kyau. Wanda ya nemi sauƙi ya zuba na araha, zai ga kamar ya ci riba wata shida, daga baya inji ya buga.

Haka sauran kayan sabis. Inda mai Corolla zai sayi fulogi 4, wannan zai sayi 8 ko 10. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri. Zafin bazara kuwa, da yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Kano da Maiduguri, yana gajiyar da robobi da bututan ruwa, musamman a injin da dama can zafi gare shi.

Taya da birki

Tayoyin irin wannan mota faffaɗa ne, marasa tudu, kuma robarsu mai taushi ce domin ta kama kwalta a lokacin gudu. Abin da ya sa take kama titi shi ne kuma yake sa ta saurin cinyewa. Bugu da ƙari, a yawancinsu tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, saboda haka dabarar nan da masu faci ke yi ta mayar da na gaba baya, na baya gaba, don su daɗe, ba ta yiwuwa. Saboda rashin tudun tayar, rami ɗaya a hanya ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa ƙarfen ƙafar. Mun kuwa san halin hanyoyin unguwanninmu, balle da damina.

Birkinta ma babba ne, domin tsayar da mota mai irin wannan gudu sai da babban birki, kuma kuɗinsa ya ninka na ƙaramar mota sau da dama. A nan ne haɗari yake. Idan aljihu ya gaza, sai a koma ga tsofaffin tayoyin Beljiyam da birki na jabu. Mota mai ƙarfin dawaki 451 a kan tsohuwar taya kuwa, da yaranki a kujerar baya, abin tsoro ne. Ga wani ɗan ilimi da zai amfane ki ko wace irin mota ce a gidanku: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Idan kin ga 2318, an yi tayar ne a mako na 23 na shekarar 2018. Ki duba na motar gidanku yau.

Kayan gyara da bakanike

Iyayenmu sun more Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe shi a 1975, domin ko a ƙauye ta tsaya za a sami wanda ya san ta, a sami kayanta. Corolla da Camry da Honda Accord su ma sun gaji wannan gata. Ki aiki yaro Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, kafin la'asar ya dawo da abin da ake nema. Amma kayan injin AMG ko na M ba haka ba ne. Wani sai an aika Ladipo a Legas, wani sai an yi oda daga Jamus ko Dubai ko Amurka, a biya da dala, a jira makonni. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kowane ƙarfe da za a ɗaura wa motar da wannan sikeli ake auna shi.

Abin lura a nan shi ne, C63 tana sabuwa an sayar da ita a Amurka sama da dala dubu 50. Shekaru sun karya mata daraja, amma ba su karya kuɗin kayanta ba. Mota ta tsufa ta yi araha, kayan gyaranta kuwa suna nan a farashin masu hali. Shi ya sa mai ita na farko ya rabu da ita daidai lokacin da manyan gyare-gyare suka ƙarato. Wasu ma daga wuraren gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci ake sayo su, a yi masu kwaskwarima da fenti. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai kuma bakanike. Waɗannan motoci cike suke da na'urori, ba a gane ciwonsu sai an jona su da kwamfuta, kuma wanda ya iya karanta abin da kwamfutar ta faɗa ba shi da yawa, kuɗin aikinsa kuma ba kaɗan ba. Idan aka kai ta garejin da ba a san ta ba, sai a yi ta canje-canje a kan zato, a gyara ɗaya a ɓata biyu. Kowane kwana da ta yi a gareji kuma, ke da yara kuna bakin titi kuna tsaron a-daidaita-sahu, an biya kuɗin mota sau biyu ke nan.

Kada a manta da inshora. Daga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa ta mayar da ƙaramar inshorar dole ta motar gida naira 15,000 daga 5,000, amma wannan ɓarnar da aka yi wa wani kawai take biya. Cikakkiyar inshora, wadda ke ɗaukar asarar motar kanta, an ƙayyade kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Motar naira miliyan 20 ke nan miliyan 1 duk shekara. Mai gudun shubuha yana iya neman tsarin takaful na Musulunci, amma shi ma da kuɗinsa. Wanda ya ƙi yi kuwa, ranar da mai babur ya fasa masa fitila ɗaya zai ji a jikinsa.

Gudun da ba wurin yinsa

Kamfanonin Jamus sukan ƙayyade gudun waɗannan motoci a kilomita 250 a awa. Dokar hanya a Nijeriya kuwa ta tsayar wa motar gida kilomita 100 a babbar hanya mai tagwaye, 50 a cikin gari. Fiye da rabin abin da aka biya kuɗi dominsa doka ta hana amfani da shi, hanya ma ba ta ba da dama ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa kuma shekara da shekaru tana ambaton gudun wuce sa'a a matsayin babban sanadin haɗurran hanyoyinmu.

A nan ina kira ga iyaye mata musamman. Idan akwai saurayi ɗan shekara 17 ko 20 a gidan, ki sani idonsa na kan makullin nan. Motar da ke kaiwa kilomita 100 cikin daƙiƙa huɗu da rabi ba ta ba yaro lokacin gyara kuskure. Dukkanmu mun san wasan mota da samari ke yi a wurin biki da ranar kammala makaranta, mun kuma san gidajen da aka yi zaman makoki a dalilinsa. Wannan asara ba ta shiga lissafin naira. Allah Ya tsare mana zuri'a.

Me addini ya ce?

Musulunci bai hana jin daɗi ba. Malamai suna karantar da mu cewa abin hawa mai kyau yana cikin ni'imomin duniya, kuma wanda Allah Ya yalwata wa babu laifi a ga alamar ni'imar a jikinsa. Wanda yake da halin riƙe irin wannan mota ba tare da ya tauye kowa ba, Allah Ya sanya alheri. Amma ciyar da iyali, da tufatar da su, da matsuguni, da magani, da karatun yara, su ne a gaba, mota ta ƙawa kuwa tana baya. A Suratul Furƙan, aya ta 67, an siffanta bayin Allah na gari da tsakaitawa wajen kashe dukiya, tsakanin ɓarna da ƙwauro. Idan kuma sai an ci bashi mai ruwa kafin a saya, to magana ta ƙare tun daga nan.

Mu ma mata sai mun duba kanmu. Sau da yawa daga ɗaki wutar ke tashi. "Ka ga motar da mijin wance ya saya?" "Ni kunya nake ji a sauke ni a gidan biki a wannan akwalar." Irin waɗannan kalamai suna tura namiji ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa don kada a raina shi. Ƙawayen da za su yi guɗa ranar da aka sauke ki a Marsandi, babu ko ɗaya da za ta kawo mudun shinkafa ranar da kuɗin cefane ya tafi gareji. An dai ce wanda ya hau motar kwaɗayi, a tashar wulaƙanci zai sauka.

Yadda za ki ɓullo wa maigida

Idan kin ji ya fara zancen, kada ki tare shi da "ba za ka iya ba". Babu namijin da ke son jin wannan daga bakin matarsa, yana ma iya sa ya saya gobe don ya nuna maki. Ki bari sai ya ci ya huta, ba a gaban yara ba, ba a gaban abokiyar zama ba. Ki fara da addu'a da yabo, sannan ki ce, "Abban yara, Allah Ya ƙara buɗi. Ko za mu ɗan zauna mu lissafa abin da za ta riƙa ci a wata, don kada ta zo ta takura ka?" Sai ku rubuta tare, ku bar alƙaluma su yi magana.

Ga abubuwan da ya kamata a samu amsarsu kafin a biya ko kwabo:

1. Lita nawa za ta sha a wata bisa zirga-zirgar gidanku, kuma nawa ke nan?
2. Nawa ne sabis ɗaya, da tayoyi huɗu sababbi, da birki gaba da baya? A tambayi masu sayar da kayan, kada a tsaya ga maganar dillali.
3. Wane bakanike ne a garinku ya san irinta? A je da shi ya jona ta da kwamfuta tun kafin ciniki.
4. An binciki tarihinta? Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da lambobi 17, wadda da ita ake iya dubawa a intanet ko ta taɓa haɗari ko ambaliya, musamman wadda ta fito daga Amurka. A tabbatar kuma takardun kwastan na gaske ne.
5. Bayan an biya kuɗinta, akwai ajiyar da za ta ɗauki babban gyara ɗaya ba tare da an taɓa kuɗin makaranta da na haya ba?

Idan amsar ta biyar a'a ce, lokacin bai yi ba. Mota mai silinda 4 mai lafiya za ta kai ku duk inda waccan za ta kai ku, rarar kuma ta shiga fili, ko jari, ko asusun aikin Hajji.

Idan kuwa an riga an saya, gori ba zai dawo da kuɗi ba. Ki nemi a ware kuɗin gida tun farkon wata, na abinci da na makaranta da na magani, kafin mota ta ga ko sisi. Ki ba da shawarar a rage fita da ita, a haɗa aike biyu ko uku a tafiya ɗaya. Idan ta fara yawan kwana a gareji, ki taya shi ganin cewa sayar da ita tana tafiya ya fi sayar da ita a kan dutse, domin wadda ta mutu sai dai a yi mata kuɗin ƙarfe. Sannan ki kula da dukiyarki. Gwal ɗinki da kuɗin adashinki da jarin sana'arki naki ne, shari'a ta ba ki. In kin ga dama ki taimaka da daɗin rai, lada ne. In kuwa rance ne, a rubuta, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne, yana tsare zumunci ne.

Wannan nasiha ta haɗa har da 'yan'uwa ma'aikata da 'yan kasuwa masu saya wa kansu mota. Kafin ki tambayi launi, ki tambayi silinda nawa ce, kuma ina ake samun kayanta.

A nan za mu dakata a wannan watan. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ƙofar wannan fili a buɗe take, sai a rubuto ta adireshin mujalla. Allah Ya ba mazajenmu halal mai albarka, Ya ba mu wadatar zuci, Ya kiyaye mu da iyalanmu a kan hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu.